Matan da suka fara aikin lauya a Saudiyya

Hajiya, kin tambaya daga Jidda ko mace ta taɓa yin aikin lauya a ƙasar nan, domin 'yarki tana son karanta shari'a kuma dangi suna cewa wahalar banza ce. Amsar ita ce an yi, sai dai abin bai daɗe ba.

Kafin shekarar 2013, matan da suka kammala karatun shari'a a Saudiyya suna iya ba da shawara daga ofis, amma ba su da lasisin tsayawa gaban alƙali da sunan wanda suke karewa. A shekarar 2013 ɗin ne aka yi wa Arwa al-Hujaili rajista a matsayin lauya mai koyon aiki, sannan a watan Oktoba ma'aikatar shari'a ta ba mata huɗu lasisi, cikinsu har da Bayan al-Zahran, wadda ta buɗe ofishin lauyoyi nata a nan Jidda a farkon 2014.

Sudan ta riga Saudiyya da nisa, domin tun 1965 aka naɗa Ihsan Fakhri alƙali. A gida Najeriya kuwa, Aloma Mariam Mukhtar ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta kuma kai ga Babbar Jojin Najeriya a 2012.

Abin da ya fi dacewa ku bincika tun yanzu, a ganina, shi ne sharaɗin zama ɗan ƙasa, domin lasisin lauya a Saudiyya na 'yan ƙasa ne, kuma da yawa daga cikinmu da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, muke zaune.