Me ake gani a finafinan zombi na kuɗin cefane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya addabe mu da finafinan zombi, na matattun nan da ke tashi suna cin mutane. Abin da ya ɗaure mini kai, ba ya ma kula waɗanda aka kashe wa kuɗi, sai masu hoto dishi-dishi da 'yan wasan da ba wanda ya san su. Mene ne abin sha'awa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin raina idon ƙanen naka. Irin wannan fim a cikin talauci aka haife shi, kuma a ganina har gobe talaucin ya fi karɓarsa.

Zombin farko da sinimar Amurka ta sani daga Haiti ta aro shi: gawar da boka ya tayar, ya mallake ta, yana sa ta bauta. Haka yake a White Zombie na 1932, inda matattun ke aiki a masana'antar rake. Wanda ƙanenka ke kallo, mai cin nama, mai cizon mutum shi ma ya koma irinsa, ya fito ne a 1968 daga hannun George Romero, wani saurayi mai ɗaukar tallar talabijin a garin Pittsburgh. Su goma suka yi karo-karo, kowa dala 600, suka fara Night of the Living Dead. Daga baya aka samu ƙarin masu zuba jari, duk da haka abin da aka kashe bai wuce dala 114,000 ba. Baƙi da fari suka ɗauka. Jinin da ke zuba ruwan cakulan ne, kayan cikin da matattun ke yaga kuwa daga wurin mahauci aka samo su. Abin dariya, a duk fim ɗin ba a ambaci kalmar zombi ko sau ɗaya ba.

Sai kuma aka yi wata ɓaranɓarama. Kamfanin da ya raba fim ɗin ya sauya masa suna, ya manta bai mayar da alamar haƙƙin mallaka ba, kuma bisa dokar Amurka ta wancan zamani fim ya zama na kowa. Romero ya yi asarar kuɗi mai yawa, amma fim ɗin ya shiga ko'ina, duk wani yaro mai kyamara ya gan shi ya ce ai wannan ni ma zan iya.

Kuma zai iya ɗin, domin a cikin dodannin sinima babu mai arha kamar zombi. Ba ya buƙatar fukafukai, ba ya buƙatar kwamfuta, ba ya ma buƙatar haddar magana. Maƙwabcinka ne, a shafa masa toka-tokar hoda, a yage masa riga, a ce ya ja ƙafa. Arhar nan ita ce asirin tsoron. A World War Z na 2013, wanda ya ci aƙalla dala miliyan 190, za ka ga dubban matattu na kwamfuta suna hawa kan juna kamar tururuwa har su tsallake ganuwa. Za ka ce kai, an yi aiki, amma gabanka ba zai faɗi ba, don ba ka san fuskar ko ɗaya ba. A fim ɗin Romero kuwa akwai yarinya 'yar ƙarama da aka ciza, iyayenta sun kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna jinya. Uwar ta sauko duba ta, ta tarar ta tashi, tana nufo ta da cokalin magina a hannu. Uwar ta kasa gudu, ta kasa ɗaga hannu, sai ja da baya take tana kiranta, don dai 'yarta ce. Wannan wurin bai ci ko sisin kwabo na kirki ba, kuma shekara hamsin da ɗoriya ana maganarsa.

Rashin kuɗi yana kuma kulle darakta a ɗaki ɗaya. Wanda ba shi da halin rushe birni dole ya tara mutane kaɗan a gida guda, ya rufe ƙofa, ya bar su da halinsu. Mutum bakwai ne a gidan gonar Romero, kuma rabin fim ɗin gardama ce tsakanin maza biyu: Ben ya ce a kakkafe tagogi a zauna a sama, Cooper ya ce a sauka ƙasa a garƙame. Kowa yana son a ce shi ne mai gida. Matattun na waje ba su da wayo, ba su da sauri, da na cikin sun haɗa kai da wataƙila sun kai safiya. Girman kai ya cinye su kafin haƙora su iso. Masu son irin wannan fim, wannan suke bi: wa zai ɓoye cizon da ke hannunsa, wa zai rufe ƙofa ɗan'uwansa na waje.

Jeremy Gardner ya kai abin ƙurewa a The Battery na 2012, da dala 6,000. Ƙarshen fim ɗin kusan duk a cikin mota ɗaya yake, an rufe gilasai da barguna, matattu na jijjiga ta. Ɗaya daga cikin abokan biyu ya fita neman makulli, kyamara ba ta bi shi ba. Ta zauna da wanda aka bari, yana zuƙar taba, yana sauraren gurnani, minti bayan minti. Mai kuɗi da ya nuna maka abin da ke faruwa a waje. Marar kuɗi ya bar ka kana saƙa shi da kanka, kuma abin da zuciya ta saƙa ya fi muni.

Akwai 'yanci kuma. Wanda bai ci kuɗin babban kamfani ba, babu mai tsaya masa a ka ya ce jarumi ba ya mutuwa. Romero ya ba Duane Jones, baƙar fata, matsayin jarumi, wato Ben, a fim ɗin da ya fito a shekarar da aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka. Ben shi kaɗai ya kwana da rai, a ɗakin ƙasan da ya yi ta ƙi, gari ya waye ya leƙo ta taga, ayarin fararen fata masu bindiga suka hango shi suka harbe shi a ka, suka jefa shi cikin tarin gawarwakin da za a ƙona. Romero ya sha cewa ya zaɓi Jones ne kawai don ya fi kowa iya wasan, amma masu kallo a Amurkar 1968 sun san abin da suka gani. A nan Najeriya ma C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, kusan babu kuɗi, a wata matsattsiyar unguwa ta Legas, inda cutar ke fitowa daga gurɓataccen ruwan sha. Ya ci kyautar fim ɗin Najeriya mafi kyau a bikin finafinan Afirka na AFRIFF na shekarar.

Kada dai na yi maka tallar da ta wuce kima. Mafi yawan waɗannan finafinai tarkace ne, abokai ne suka samu kyamara da galan ɗin jan ruwa, babu labari. Ni kaina da na ga jini ya fi magana yawa nake kashewa. Idan kana son gane na kirki da wuri, saurari sautin: hoto dishi-dishi yana iya ƙara armashi, amma muryar da ba a ji ba ta gyaruwa. Kuma ba na yara ƙanana ba ne, wannan ka sa ido a kai.

In za ka zauna da ƙanen naka sau ɗaya, ku nemi One Cut of the Dead, na Shin'ichiro Ueda ɗan Japan, 2017. Yen miliyan 3 aka kashe, wajen dala 25,000, ya dawo da kuɗinsa fiye da ninki dubu. Minti 37 na farko a ɗauka ɗaya aka yi su, ba yanka, kuma za ka ga kamar duk shirme ne: 'yan wasa na tsayawa suna zare ido, jini na fallatsar kyamara wani hannu ya goge. Za ka so tashi. Ka daure har ku wuce wurin, don kowane shirme da ka gani yana da dalilinsa a gaba.