Tambayi Likita: Ƙafafun da Ke Hana Mutum Barci

Tambayoyin wannan makon duk sun shafi lalura guda, wato rashin natsuwar ƙafafu, wadda likitoci ke kira cutar Willis-Ekbom. An taƙaita wasiƙun, an kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna 38, 'ya'yana biyar. Da zarar na kwanta bayan sallar isha'i sai in ji wani abu yana yi mini yawo a cikin sha-raɓa kamar kiyashi. Ba zafi ba ne, ba ƙaiƙayi ba ne, amma dole in motsa ƙafar ko in tashi in yi ta zagaye a tsakar gida, kuma da na koma shimfiɗa sai ya dawo. Wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce jifa ne. Na yi gwajin jini an ce jinina bai yi ƙasa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bayaninki ya ƙunshi alamomi huɗun da ake gane wannan lalura da su: matsananciyar buƙatar motsa ƙafa, wadda ke tasowa lokacin da mutum yake zaune ko kwance, take lafawa muddin yana motsi, take kuma tsananta da yamma ko da dare. Tsohuwar cuta ce sananniya. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana ta tun a 1672, sannan a 1945 likitan jijiyoyi ɗan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken rubutu a kanta. Ta fi kama mata, musamman waɗanda suka haihu da yawa, kuma tana bin jini, don haka idan kika bincika a dangi mai yiwuwa ki sami wanda yake fama da ita a ɓoye.

Ko da yake a ƙafa kike jin abin, tushensa yana ƙwaƙwalwa. Akwai sinadarin da ake kira dofamin wanda ke daidaita motsin jiki, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa shi yadda ya kamata sai da isasshen sinadarin ƙarfe, wanda ake samu a nama da hanta da ƙwayoyin ƙarin jini. A nan ne gwajin da kika yi ya gaza. Gwajin da aka saba yi, wato PCV, yana nuna yawan jajayen ƙwayoyin jinin da ke gudana a jiki ne kawai, tamkar a duba tuwon da ke tukunya ba a leƙa rumbu ba, domin mace na iya samun PCV mai kyau alhali ajiyar ƙarfen jikinta ta kusa ƙarewa saboda haihuwa kusa-kusa ko jinin al'ada mai yawa. Gwajin da ke nuna ajiyar shi ne feritin. Ki yi shi da safe, kada ki sha ƙwayar ƙarin jini tun kwana guda kafin nan, kuma kada ki yi shi kina cikin zazzaɓi, saboda zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka suna ɗaga feritin ya nuna adadin da ba na gaskiya ba.

Idan sakamakon ya fito, kada ki tsaya a kan kalmar "lafiya lau" da za a faɗa miki. Ɗakunan gwaji da yawa suna ɗaukar feritin 20 ko 30 a matsayin daidai, amma ga mai wannan lalura ana ba da ƙarfe matuƙar adadin bai wuce 75 ba. Abin da aka saba bayarwa shi ne ferrous sulphate, ƙwaya ɗaya mai miligiram 65 na ƙarfe, sau ɗaya a rana ko kuma a riƙa tsallake kwana guda, tare da bitamin C ko ruwan lemon zaƙi. Kada ki kora ta da shayi ko madara, domin suna hana hanji tsotse ƙarfen. Ki bar tazarar awa biyu a tsakani. Bayan gidanki zai yi baƙi, wataƙila ya yi tauri, wannan ba abin tsoro ba ne. Sai an yi haƙuri, don sauƙin yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya bayyana, sannan a maimaita gwajin. Wadda cikinta bai jure ƙwayar ba, ko feritin ya ƙi tashi, akwai ƙarfen da ake sakawa ta jijiya a asibiti. Wajibi ne kuma a nemo inda ƙarfen ke zurarewa: al'ada ce, ko basir mai jini, ko gyambon ciki, ko tsutsar ciki mai shan jini. Ina jan kunnen masu sikila da duk wanda ake yawan yi wa ƙarin jini da kada su sha ƙarfe ba gwaji, domin su matsalarsu sau da yawa yawansa ne a jiki. A kuma ɓoye ƙwayoyin daga yara, don yaro ƙarami zai iya mutuwa idan ya haɗiye su da yawa.

Tambaya: Likita, maiɗakina tana da ciki wata takwas, kuma tun da ta shiga wata na bakwai ba ta barci saboda ƙafafunta. Akwai maganin da zan sayo mata?

Amsa: Malam, kada ka sayo mata komai a kemis. Kusan mace ɗaya cikin biyar tana gamuwa da wannan a lokacin goyon ciki, galibi a watanni ukun ƙarshe, kuma ga mafi yawansu yana gushewa cikin 'yan makonni bayan haihuwa. Ta faɗa wa ma'aikatan awon ciki don a duba feritin ɗinta, ta kuma dage da shan ƙwayoyin ƙarfe da folik asid da ake ba ta, waɗanda mata da yawa ke jibgewa a ƙarƙashin katifa saboda suna tayar musu da zuciya. Magungunan da ake ba sauran masu lalurar akan guje su ga mai ciki, wasunsu ma suna rage ruwan nono. Abin da za ka iya yi mata da hannunka shi ne tausar sha-raɓa da dare da kuma tanadar ruwan ɗumi ta tsoma ƙafafunta. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, wannan wata magana ce daban, ku tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, shekaruna 45. Ina cin goro da shan shayi don in jure tuƙi, idan na sauka kuma ƙafafuna ba sa barina in runtsa, sai in sha Piriton biyu. Wani ya ce in sayi maganiziyam. Me zan iya yi a gida?

Amsa: Alhaji, Piriton ɗin nan da kake neman barci da shi yana daga cikin abubuwan da ke rura wutar matsalar. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su chlorpheniramine, wato Piriton ɗin da kake sha, da diphenhydramine, an san su da tayar da wannan lalura, kuma suna ɓoye a cikin magungunan mura da tari da yawa da ake sayarwa ba takardar likita. Haka ma magungunan amai, promethazine da metoclopramide, da wasu magungunan damuwa da na taɓin hankali irin su amitriptyline, fluoxetine, mirtazapine da haloperidol. Waɗannan na ƙarshe ba a daina su kai tsaye, sai dai a koma wurin likitan da ya rubuta su ya duba ko zai canza. Na sha ganin wanda aka cire masa ƙwaya ɗaya daga cikin abin da yake sha, ƙafafunsa suka lafa ba tare da an ƙara masa komai ba, shi ya sa nake roƙon marasa lafiya su zo mini da ledar magungunansu gaba ɗaya.

Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci. Ban ce ka daina goro rana ɗaya ba, na san ba zai yiwu ba, amma ka gwada tsayar da shi daga azahar har tsawon mako uku ka ga bambanci. Taba da giya ma suna ƙara tsananta abin. Ka riƙa tsayawa a hanya kana taka ƙasa, ka yi tafiyar ƙafa ta kamar rabin awa da rana, amma ban da motsa jiki mai tsanani dab da kwanciya. Kafin ka kwanta, ka dafa bango da hannu biyu, ka miƙar da ƙafa ɗaya baya diddigenta na ƙasa har ka ji sha-raɓa ta ja, ka riƙe rabin minti, sannan ka sauya. Wasu ruwan ɗumi ke yi musu, wasu na sanyi, kowa ya bi wanda jikinsa ya karɓa. Idan abin ya taso kana zaune, aikin da ke kama hankali, kamar hira mai zafi ko lissafi, yakan danne shi na ɗan lokaci.

Maganiziyam kuwa, hujjar amfaninsa ga wannan lalura ba ta da ƙarfi, kuma yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda. Da kuɗinsa gara ka yi gwajin feritin. Kuma direban da ba ya samun barci da dare haɗari ne ga kansa da mutanen da ke kan titi, don haka kada ka ja lokaci kafin ka ga likita.

Tambaya: Ina da ciwon suga shekara goma. Tafin ƙafafuna suna zafi kamar barkono dare da rana, wani lokaci kuma ba na jin su. Ita ce wannan cutar?

Amsa: Hajiya, da alama ba ita ba ce. Zafin da ba ya sauka idan an yi tafiya, ga kuma mutuwar tafin ƙafa, ya fi kama da lalacewar jijiyoyi da suga ke jawowa, ko da yake ana iya samun biyun a jikin mutum ɗaya. Ki je a duba ƙafafun, a auna suga da aikin ƙoda da bitamin B12, musamman idan kin daɗe kina shan metformin. Ki riƙa duba tafin ƙafarki kullum, kuma kada ki tsoma ta a ruwan zafi sai kin fara gwada shi da gwiwar hannu.

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 67 ne. Shekara huɗu da suka wuce aka ɗora shi a kan pramipexole, ya ji daɗinsa ƙwarai. Yanzu abin yana fara masa tun la'asar, har hannuwansa yake ji, an ninka ƙwayar amma sai ƙaruwa yake yi. Ko maganin jabu ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ba lallai ne jabu ba. Abin da ka bayyana sananniyar illa ce ta maganin kansa. Pramipexole da ropinirole da rotigotine da levodopa suna kwaikwayon aikin dofamin ko ƙara yawansa, kuma a darare na farko suna aiki kamar yankan wuƙa, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ropinirole a 2005 da pramipexole a 2006, suka zama zaɓin farko na shekaru masu yawa. Daga baya aka lura cewa idan an daɗe ana sha, maganin yana mayar da cutar ta fi yadda take tun asali: ta riƙa farawa da wuri, ta ƙara ƙarfi, ta haura zuwa hannuwa, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙwaya sai a sami sauƙin 'yan makonni sannan a koma gidan jiya. Wannan yana samun kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na masu shan maganin a kowace shekara. Saboda haka ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a jagorar da ta buga a farkon 2025, ta janye waɗannan magunguna daga sahun gaba, ta fifita ƙarfe ga wanda ajiyarsa ta yi ƙasa, da gabapentin ko pregabalin.

Akwai wata illar da iyalai ba sa danganta ta da magani, kuma ya kamata ku lura da ita cikin ladabi: wasu masu shan irin wannan ƙwaya sukan shiga kashe kuɗi ba lissafi, ko caca, ko cin abinci ba ƙima, ko yawan sha'awa da ba halinsu ba. Idan kun ga dattijo ya sauya hali haka, a gaya wa likita.

Kada Baba ya daina maganin rana ɗaya, domin zai shiga darare masu tsananin wahala. A kai shi wurin likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa, a auna feritin da aikin ƙoda, a fara masa gabapentin ko pregabalin da ƙaramin awo saboda shekarunsa, sannan a riƙa rage pramipexole sannu a hankali cikin makonni ko watanni. Sababbin magungunan suna sa jiri da magagi da ƙiba, don haka a kula kada ya faɗi idan ya tashi fitsari da dare, kuma idan ƙodarsa ta yi rauni dole a rage awon. Ku shirya wa cewa makonnin farko na ragewar za su yi wuya kafin a ga haske.

Tambaya: Likita, na daina shan tramadol kwana shida ke nan, amma ƙafafuna da hannuwana ba sa tsayawa da dare, har ina jin kamar in koma. Abokina ya ce in sayi pregabalin.

Amsa: Ƙanina, ka yi namijin ƙoƙari, kuma abin da kake ji ba sabuwar cuta ba ce. Duk wanda jikinsa ya saba da tramadol ko kodin, idan ya daina, rashin natsuwar ƙafafu na daga cikin alamomin da ke biyo baya, tare da gumi da hamma da ciwon jiki da gudawa, kuma ga mafi yawan mutane yana raguwa cikin 'yan makonni. Shawarar abokinka kuwa ban yarda da ita ba. Gaskiya ne likitoci suna ba da pregabalin a wannan lalura, amma shi ma yana kama mutum, musamman wanda ya taɓa sabawa da wata ƙwaya, kuma idan aka haɗa shi da tramadol ko kodin yana iya danne numfashi mutum ya mutu cikin barci. Ka sani kuma jikinka ya riga ya fara sakin sabon da ya yi, don haka awon da kake sha a da zai iya yi maka illa mai tsanani idan ka koma masa yau. Ka je sashen kula da masu barin ƙwaya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna karɓar irin wannan, haka ma asibitocin koyarwa. Can za su ba ka abin da zai rage maka wahalar dare a ƙarƙashin kulawa, su kuma duba ajiyar ƙarfen jikinka. Ka tafi da wani babba da ka amince da shi a gida, kuma ka faɗa wa likitan ainihin adadin ƙwayar da kake sha a rana ba tare da ragewa ba, domin da shi zai tsara maganinka.