Kwamfutata Ta Yi Nauyi Tun Da Aka Zuba Mata Sababbin Manhajoji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Argungu. Na sayi laftof na hannu mai Windows 10, sai ɗan yayata ya sa min antibairos iri biyu da burauza uku, wai don tsaro. Yanzu idan na kunna ta, har in gama dama kunu ba ta gama buɗewa ba. Kuma ina son manhajar imel da zan riƙa karanta saƙonnina ko da babu netwok. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗan naki da kyakkyawar niyya ya yi, amma antibairos biyu a kwamfuta ɗaya zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Duk fayil ɗin da kika taɓa sai kowannensu ya bincika shi, wani sa'in ma su koma binciken juna. Nauyin ke nan. Ki cire su duka biyun. Windows 10 da nata mai gadin take zuwa, Microsoft Defender, kyauta. Yana janyewa ne idan an sa wani, da an cire kuma ya dawo bakin aiki. Ki buɗe Windows Security, in kin ga alamar kore, yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne filas, wato ɗan abin ajiye fayil da ake sokawa a kwamfuta. Nasan lokacin jarrabawa kukan kai takardun tambayoyi shagon buga takardu, a soka filas ɗinki a kwamfutar da ta sha filas ɗin rabin gari. Ki dawo gida ki tarar foldojinki sun koma gumaka masu 'yar kibiya a gindi. Kada ki danna ko ɗaya, dannawar ce ke sakin cutar. Ki sa Defender ya bincike filas ɗin tukuna. Ya ma fi sauƙi ki mayar da takardar PDF ki tura wa mai shagon ta WhatsApp.

Ki kuma sani Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025. A duba ko laftof ɗin zai ɗauki Windows 11. Tsofaffi da yawa ba sa ɗauka.

Burauza ɗaya ta ishe ki. Tun 2020 Edge da Chrome injinsu ɗaya ne, Chromium, Firefox kuwa ta bambanta da su. Ita nake amfani da ita, da uBlock Origin mai toshe tallace-tallace, data na kuma tana daɗewa.

Imel kuwa, Thunderbird kike nema, kyauta ce, ki sauke ta daga shafinta na asali. Wajen haɗa ta da Gmail ki zaɓi IMAP, ba POP ba, domin saƙonninki su kasance iri ɗaya a waya da kwamfuta. Sai dai a karon farko za ta so kwaso wasiƙun shekaru da hotunansu, ta cinye miki data a zama ɗaya. Ki shiga saitin asusun ki taƙaita mata zuwa kwana 30 na baya-bayan nan.

Ki riƙa gwada manhajojin ɗaya bayan ɗaya, ki bar 'yan kwanaki a tsakani. Idan kwamfutar ta sake yin nauyi, kin san wadda za ki cire. A gaida ɗan namu, a ce ya zo ya taya ki cirewa tunda shi ya zuba.