Wai boko a jinin wasu yake?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyar na sakandare a nan Agege, kuma zango biyu ke nan yana faɗuwa a Turanci da lissafi. Maƙwabciyata ta ce wai boko a jinin Kiristoci yake, namu sai haƙuri, ko kuma in cire shi daga Islamiyya kansa ya samu wuri. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Hajiya, kada ki cire shi. Addinin gida yana taɓa karatu, amma ta hanyar abin da yake sa iyaye su yi: tashin yaro da wuri, tsawatarwa, tambayar me aka koya yau. Gidan da ke yin haka, masallaci suke zuwa ko coci, ɗansu yana gaba.

Zancen jini kuwa na gaji da jin sa. Tarihi ne kawai. 'Yan mishan sun buɗe CMS Grammar School a Legas tun 1859, Musulmi suka ja baya don tsoron a juya musu 'ya'ya. Sai a 1923 Musulmin Legas suka kafa Ansar-Ud-Deen don haɗa boko da addini, a 1948 kuma aka buɗe kwalejin da yau ake kira Anwar-ul-Islam, nan kusa da ku. Yaron da kakansa ya yi boko, ake Turanci a falonsu, ba daidai yake da wanda shi ne na farko a gidansu ba. Jikokin Musulmin Yarbawan nan ga su likitoci da alƙalai, kuma alƙiblarsu ɗaya da taki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda wannan magana take kai mutane. Uba ya ji "ba namu ba ne", sai ya tura yaro kasuwar Mile 12 sauke tumatir tun asuba, ya shiga aji yana gyangyaɗi. 'Ya mace a ce ta tsaya haka. Jarrabawa ta matso, sai a ruga wurin mai sayar da laya da turaren buɗe ƙwaƙwalwa, ko a kai kuɗi cibiyoyin nan da ake rubuta wa yara amsa a allo. WAEC ta riƙe sakamakon, a dawo ana cewa an tsane mu. Mai duba takarda amsa yake dubawa, bai san ko ɗanki yana salla ba. Addu'a a yi ta, amma ba ta karanta wa kowa littafi.

Yaron da ya iya hadda ya riga ya san zama da maimaitawa, jarinsa ke nan. Ki duba lokacinsa: ƙarfe nawa yake isa gida bayan cunkoso, yaushe yake kwanciya, wayar tana hannun wa da dare. Ki je ki ga malamin ajinsu da kanki, ki nemi rajistar zuwansa. Ki samo masa tambayoyin shekarun baya, ya riƙa karanta Turanci da babbar murya kullum, domin kiredit biyar ba su da amfani wajen shiga jami'a in babu Turanci a ciki, kwasa-kwasai da yawa kuma sai da lissafi.