Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske ƙauyen Giverny mutum 500 ne kacal?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Yayana yana karatu a Faransa, kwanaki ya turo mana hotunan wani ƙauye a bakin kogi wai shi Giverny, duk furanni ko'ina, yace mutanen garin basu wuce 500 ba amma duk shekara baƙi sun fi rabin miliyan. Ni dai na ce masa ƙari yake yi. Meye tarihin wurin, kuma ya akayi ƙauye ƙarami haka yayi suna? Daga 'yar'uwarku a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya yayanki bai yi ƙari ba, ki bashi haƙuri. Giverny (ana furta shi kamar Jiberni) mutanensa wajen 500 ne, wato wata unguwar a Damagaram ta ninka shi sau nawa, amma yana da magajin garinsa da majalisarsa, don a Faransa ko ƙauye ɗan mitsitsi commune ne mai cin gashin kansa, suna da irinsu kusan dubu 35, kuma ke da kike Nijar kin san kalmar tunda daga can aka gado tsarin.

Yana yankin Normandi, kimanin kilomita 75 daga Paris, a gefen kogin Seine daidai inda ƙaramin kogin Epte yake shigowa ya haɗe da shi. To wannan ɗan kogin Epte ɗin kar ki raina shi. A shekarar 911 sarkin Faransa Charles ya gaji da mayaƙan Viking masu zuwa a jiragen ruwa daga arewacin Turai suna bin Seine suna kwasar ganima, sai yayi sulhu da shugabansu Rollo, ya bar masa ƙasa, aka sa Epte ta zama iyaka. Sunan Normandi ma daga nan ya fito, ma'anarsa ƙasar mutanen arewa, kinga ashe su ma suna da 'yan arewansu. Giverny kuwa yana daidai bakin wannan iyakar. Bayan haka dai ƙauyen manoma ne kawai, gona da shanu da tsohon cocinsu na Sainte-Radegonde, ɗaruruwan shekaru ba wani labari.

Labari ya canja a 1883 lokacin da mai zane Claude Monet ya zo ya kama hayar gida shi da iyalinsa, lokacin mutanen ƙauyen wajen 300 ne. Ana cewa ta tagar jirgin ƙasa ya hango wurin ya shiga ransa. Da kuɗi suka fara shigowa sai ya saye gidan a 1890, a 1893 kuma ya ƙara sayen wani fili a tsallaken layin dogo yace zai haƙa tafki ya janyo ruwa daga wani reshen Epte da ake kira Ru. Nan fa aka yi rigima. Mutanen gari suka ce basu yarda ba, ruwan nan da shi ake wanki kuma shi dabbobinsu ke sha, wa ya sani ko baƙin tsirran da zai zuba su sa masa guba. Ni wallahi ban ga laifinsu ba, duk wanda ya taso a karkara yasan ba a wasa da mashaya, baƙo ya zo jiya yau yace zai karkatar da ruwa don ya shuka fure? Amma ƙarshe dai hukuma ta bashi izini.

Kin san me ya shuka a tafkin? Bado. Eh, badon nan da muke gani a tafkuna da damina, sai dai nasa kala-kala ne. Mutumin nan ya kwashe kusan shekara 30 yana zana bado, zane wajen 250, safe da launinsa yamma da launinta, har ya samu yanar ido bai daina ba. Manyan cikinsu suna gidan tarihi na Orangerie a Paris tun 1927. Tun kafin nan ma, daga wajen 1887, masu zane 'yan Amurka sun fara tururuwa ƙauyen suna sauka a wani masauki da ake kira Hôtel Baudy, wasu ma suka zauna shekaru, sai yaƙin duniya na farko ya watsa yawancinsu.

Monet ya rasu a Disamba 1926 aka binne shi a maƙabartar cocin ƙauyen. Blanche, matar ɗansa, ita ce ta cigaba da kula da gidan har ta rasu a 1947, daga nan lambu ya koma daji, ciyawa ta cinye komai. Ɗansa Michel da ya rasu a 1966 ya bar wasiyya a ba cibiyar fasaha ta Académie des Beaux-Arts gidan, aka zo aka gyara da taimakon kuɗin attajiran Amurka, aka buɗe wa jama'a a 1980. Rabin miliyan ɗin da yayanki yake faɗa daga nan ya samo asali.

Abin da ni ke bani mamaki, cikin shekara sama da 140 daga mutum 300 zuwa 500 kawai aka tafi. Baƙin nan ba zama suke ba, da safe su hau jirgi a tashar Saint-Lazare ta Paris su sauka a garin Vernon da ke kusa, kilomita biyar ne tsakani, su shiga bas, su ɗau hoto a kan koriyar gadar tafkin, kafin magariba sun koma. Kuma lambun ma ba duk shekara yake buɗe ba, daga farkon Afrilu ne zuwa farkon Nuwamba, da sanyi ya shigo a kulle ƙofa ƙauye yayi tsit. Don haka in Allah ya kai ki wajen yayanki, kar ki yarda ya kai ki a Janairu.