Amsa ga ɗan uwana na Kano daga Zangon Kumasi

Salamu alaikum Malam. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, wai mu da muke zaune tsakiyar Kiristoci anya addininmu bai salance ba, kuma ya aka yi abin da ya cinye Borno da Burkina bai taɓa Ghana ba, ko gwamnati ce ta taka wuyanmu. Na so in kyale, amma inda ka ce "anya ma ku Hausawa ne kuwa" shi ya tsaya min a rai.

Ni a Aboabo aka yanke min cibiya, babana ma ɗan Kumasi ne. Kakana ya taso daga Kano yana saurayi cikin fataken goro, ya ɗan zauna Salaga sannan ya gangaro nan, har ya rasu kullum cewa yake baɗi zai koma gida. Kakata 'yar Tonawa ce, wato Asante, ta musulunta amma 'yan uwanta suna cocinsu. Su ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, kaga babana sai ya tashi da gida biyu. A 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, abokan kakana da yawa a bayan manyan motoci aka loda su da tabarminsu. Kawunnan babana, Kiristocin nan dai, su suka zo suka tafi da shi ƙauye suka ce wannan jininmu ne ba inda za shi. To in wani ya tashi yau ya ce min jinin Kirista halal ne, wa yake nufi? Mutanen da suka ɓoye ubana?

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari, Kiristoci kashi 71, amma ranar Sallah ƙasa gaba ɗaya hutu ake, kuma sau biyu Musulmi yana zama mataimakin shugaban ƙasa, Aliu Mahama da Bawumia. Na san lokacin da babban limaminmu Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Katolika a Ankara, wato Accra babban birninmu, a 2019 yana cika shekara 100, can wajenku an yi ta surutu, nan ma wasu sun yi. Ni dai na san bai je yin bauta ba, gaisuwar maƙwabta ya je, kuma albarkacin irin wannan ne in rigima ta taso ake samun wanda kowane ɓangare zai ji kunyarsa.

Ba wai mu waliyyai ba ne. Ina saurayi a shekarun 1990 na ga 'yan Tijjaniyya da 'yan Ahlussunna suna jifan juna kan wa'azi da limancin masallaci, ɗa ya ƙi bin ubansa sallah, wlh abin ba daɗin tunawa. A 2016 ma an gwabza a Tafo nan Kumasi kan filin maƙabarta har aka sa dokar hana fita, sai da fadar Manhyia ta sarkin Asante da limamai suka shiga tsakani. Sannan 2015 labari ya fito wani yaro da ya gama jami'ar KNUST ta nan garin ya tafi ya shiga ISIS, ba a makarantar allo ya ɗauko wannan aƙidar ba, a intanet ne. Wannan ya girgiza iyaye sosai, don mun san malamin kowane yaro a unguwa, amma wanda ke cikin wayarsa fa?

Gwamnati kuma tana nata. Akwai majalisar zaman lafiya ta ƙasa da aka yi wa doka a 2011, malamai da fastoci da sarakuna duk suna ciki. A 2017 aka kafa haɗin gwiwar tsaro na Ankara da Togo, Benin, Burkina da Kwaddibuwa, an zuba sojoji a iyakar arewa wajen Paga da Bawku, 2022 kuma aka fito da kamfen ɗin in ka ga abu ka faɗa, a kira 999. Ban ƙi ba, don wutar tana gidan maƙwabci. Abin da ke damuna shi ne wa ake "gani"? Sau da yawa mai gemu da ɗangalallen wando ne, ko Bafulatani, ko yaron zango. Ba mu manta 2018 ba, da 'yan sanda suka harbe samarin zango bakwai a Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa da kanta ya ce ba hujja, aka biya diyya. Ranar da labarin ya iso, unguwar Asawase ta nan Kumasi ta ɗau zafi, dattawa ne suka tsaya gaban yara. Ku da kuka ga abin da ya biyo bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a 2009 ba sai na muku bayani ba. Ga kuma makarantun mishan, ka tuna 2021 da aka hana ɗaliba azumi a Wesley Girls, irin wannan ƙananan ciwon masu hure wa yara kunne suke nema.

Batun Hausa kuma, eh, yaranmu suna cewa "yarinya ya zo", kuna dariya. Amma a zango Bamoshe da Badagombe da Bazabarme duk da Hausa suke ciniki, da ita ake tafsiri da azumi, da ita ake ɗaurin aure, kokon da Asante ke sha da safe ma sunanmu suka sa mai. Shekara sama da ɗari muna riƙe da harshen nan ba sarkin Kano a kanmu ba gwamna, sai iyayenmu mata da malaman allo.

Ka zo babbar Sallah ka gani da idonka. Ƙanwar kakata ta rasu, amma 'yarta har yau tun ana saura sati take bugo waya, ta tambayi yaushe ne yanka, a ajiye mata cinya kar yara su cinye kafin ta taso daga coci.