Na taɓa shan wiwi: in faɗa a fom ɗin neman izinin sirri ko in yi shiru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni Bakano ne, na zama ɗan ƙasar Amurka, ina zaune a Maryland. Wani kamfani mai kwangila da ma'aikatar tsaro ya ɗauke ni aiki, amma sai gwamnati ta ba ni izinin ganin bayanan sirri. Shekara uku da suka wuce na sha wiwi sau huɗu ko biyar, kuma da na je gida hutu na haɗiyi tramol ba da takardar likita ba. Abokaina sun ce in rubuta "a'a" a tambayar shan ƙwaya ta fom ɗin neman izinin, tunda ba a taɓa kama ni ba, kuma jiharmu ta halatta wiwi. Wallahi abin ya hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, abin da ka lissafa ba ya rufe maka ƙofa shi kaɗai. Wanda dokar Bond ta 2008 ta haramta wa izinin kai tsaye shi ne mai sha a yanzu ko wanda ƙwaya ta kama. Kai kuwa za a auna ka da ƙa'ida ta H, wadda ta shafi shan ƙwaya, cikin SEAD 4, umarnin 2017 da ake tantance masu neman izinin da shi: yaushe ka sha, sau nawa, yaushe ka bari, ka rabu da abokan shan? A Disamba 2021 ma shugabar hukumomin leƙen asiri ta lokacin, Avril Haines, ta fitar da bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne, amma ba shi ke yanke hukunci ba.

Batun Maryland ka ajiye shi gefe. Izinin na gwamnatin tarayya ne, dokarta kuma ba ta halatta shan wiwi don nishaɗi ba. Tramol ɗin ma ka rubuta shi, ko da a Kano ka sha, domin sashe na 23 na fom ɗin neman izinin, wato SF-86, yana tambayar shekara bakwai baya, har da maganin asibiti da aka sha ba bisa ƙa'ida ba.

Shawarar abokanka kuwa ita ce ke kashe wa mutane aiki, kuma kullum sai an zo mana da ita. "Ba a kama ka ba, wa zai sani?" Mai binciken DCSA, hukumar da ke bincikar masu neman izinin, ba ya tsayawa kan mutanen da ka rubuta sunansu. Zai zauna da abokinka ya ce masa, wa kuma ya san shi? Daga nan ya isa ga tsohon abokin ɗakinka da kuka yi faɗa kan kuɗin haya. Ka kuma sa hannu an buɗe masa bayananka. Ko ka tsallake yau, gobe aiki ya kai ka hukumomin leƙen asiri irin NSA ko CIA, a ɗaura maka na'urar gano ƙarya, a ajiye tsohon fom ɗinka a kan tebur. A ranar ba zancen wiwi ake ba, an koma ƙa'ida ta E, wato ɓoye gaskiya da gangan. Shan da ka yi yana tsufa, kowace shekara nauyinsa na raguwa. Ƙaryar fom kuwa duk sanda ka sake cike shi ka maimaita "a'a" ka sabunta ta. Kuma laifi ce ƙarƙashin sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin tarayya, ɗaurinta na iya kai shekara 5. Su masu ba ka shawarar ba su za su sa hannu ba. Abin da gwamnati ke tsoro shi ne ma'aikaci mai sirrin da wani zai riƙe ya murɗe shi da shi, kai kuma da hannunka za ka ƙirƙiro sirrin.

Ka rubuta wata da shekarar shan farko da na ƙarshe, da adadin, in ba ka tuna daidai ba ka nuna cewa kintace ne. Ka haɗa da takarda mai sa hannunka cewa ka bari, kuma ka yarda a ƙwace izinin in ka koma. Daga yau kar ka taɓa komai, har man CBD, wanda ake tatsa daga tsiron wiwi ana sayarwa a kanti, domin a cikin wani man THC, sinadarin da ke sa maye, ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari da doka ta yarda, sai ya fito a gwajin fitsari. In kuma ka riga ka tura fom da "a'a", je wurin jami'in tsaron kamfaninku gobe da safe ka ce za ka gyara, tun kafin mai bincike ya rigaye ka tayar da maganar.